Agustin na Hippo: ƙaryar da ya yi wa uwarsa da matar da bai taɓa faɗin sunanta ba

A shekara ta 383, a tashar jiragen ruwa ta Kartaj, kusa da inda birnin Tunis yake a yau, wani malami ɗan shekara 28 ya shirya wa uwarsa ƙarya. Yana so ya haye zuwa Roma, don ɗaliban Kartaj sun ishe shi da rashin kunya, an kuma ce masa na Roma sun fi natsuwa. Uwar ta biyo shi har bakin teku ta riƙe shi gam, ta ce ko dai su koma gida tare, ko ya tafi da ita. Sai ya ce mata ai abokinsa ne mai tafiyar, shi rakiya ya zo, ba zai bar shi ba sai iska ta yi kyau jirgi ya tashi. Da ƙyar ya lallashe ta ta kwana a wani ɗakin addu'a da ke kusa, wanda aka gina don tunawa da Sifiriyan, bishof ɗin Kartaj da aka kashe saboda bangaskiyarsa a 258. Tana can tana addu'a tana kuka, shi kuwa ya sulale cikin dare ya shiga jirgi. Gari na wayewa ta fito bakin gaɓa, ba jirgi ba ɗa.

Malamin shi ne Agustin, wanda daga baya ya zama bishof na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau. Uwar kuwa Monika. Da bakinsa muka san labarin, domin shi ya rubuta shi bayan wajen shekara 15, a littafinsa mai suna Confessiones, wanda ya rubuta da Latin tsakanin 397 da 400. Kalmar tana da ma'ana biyu a harshensu, furta zunubi da kuma yabon Allah, shi kuwa duka biyun yake nufi.

Na ɗauko wannan lamari ne saboda wata magana da duk wanda ya daɗe a ikilisiya ya taɓa ji: "Na san Allah ya gafarta mini, amma ni na kasa gafarta wa kaina." Da wuya ka ji an faɗe ta a kan laifin da aka yi wa bare. Yawanci a kan uwa ce da ta mutu da ɓacin ran ɗanta, ko mata da aka wulaƙanta, ko 'ya'yan da suka tashi cikin wutar da ubansu ya hura. Agustin ya cuci mutum uku a gidansa, kowanne da irin tasa cutar, ya kuma bar mana rubutaccen bayanin yadda ya rayu da abin shekara 40 da 'yan kai.

Uwar

An haifi Agustin ranar 13 ga Nuwamba 354 a Tagaste, wato Suk Ahras ta yanzu. Ubansa Fatirishiyus bai karɓi baftisma ba sai gab da mutuwarsa. Monika kuwa Kirista ce tun daga gidansu. Ƙaryar bakin teku ta zo ne a kan tsohon ciwo. Tun yana ɗalibi ya bar koyarwar uwarsa ya shiga ɗariƙar mabiya Mani, wani mutumin ƙasar Farisa da ya kafa nasa addinin, ya yi shekara tara a cikinsu, har ya riƙa janyo abokansa. Abin ya yi wa Monika zafi har ta taɓa hana shi zama gidanta da cin abinci tare da ita, sai da ta yi wani mafarki sannan ta sassauta. Ta dami wani bishof da roƙon ya je ya yi wa ɗanta magana, har mutumin ya gaji ya ce mata ta tafi, ɗan da ake zubar wa irin waɗannan hawaye ba zai hallaka ba.

Ga yadda Agustin ya rubuta abin da ya faru a tashar: "Na yi wa uwata ƙarya, uwa irin wannan, na kuwa tsere." Bai ce yanayi ya tilasta masa ba, bai ce ta cika naci ba, ko da yake ta cika. A cikin jimlar nan ɗaya, kafin ma ya ajiye numfashi, ya ƙara da cewa wannan ma Allah ya gafarta masa cikin jinƙansa. Laifin da gafarar a jere suke, ba tazara tsakaninsu. Mai karatu na yau zai iya cewa ya yi saurin wanke kansa. Amma da ka ci gaba za ka ga bai rage wa abin nauyi ba. Ya bayyana yadda ta haukace da baƙin ciki da safen nan, yadda ta zarge shi da yaudara da rashin tausayi, sannan ta koma yi masa addu'a ta kama hanyar gida. Ya kuma faɗi cewa da isarsa Roma zazzaɓi ya kwantar da shi har ya kusa mutuwa, da kuwa ya mutu a lokacin, zuciyar uwarsa ba za ta taɓa warkewa ba.

Akwai wuri ɗaya a nan da ba na jin daɗinsa. Agustin ya ce Allah ya yi amfani da wannan baƙin ciki ya hori Monika saboda son ɗanta ya yi mata yawa irin na jiki. Wataƙila gaskiya ne. Sai dai ba a bakin wanda ya jawo kukan ya kamata a ji hikimar da ke cikin kukan ba.

Da uwarsa dai Allah ya ba shi lokaci. Ta bi shi har Milan a 385, inda ya samu babban muƙami na malamin iya magana. Tana nan lokacin da ya tuba a wani lambu a 386, bayan ya buɗe wasiƙun Bulus idonsa ya faɗa kan Romawa 13:13-14. Tana raye Ambros, bishof na Milan, ya yi masa baftisma a daren Ista na Afrilu 387. A wannan shekarar, suna hanyar komawa Afirka, zazzaɓi ya kama ta a Ostiya, tashar jiragen ruwan Roma. Ɗan'uwansa ya nuna damuwa kada ta mutu a baƙuwar ƙasa, ta ce musu su binne jikin ko'ina, abin da take roƙo kawai su riƙa tunawa da ita a gaban bagaden Ubangiji. Ta rasu a rana ta tara ta ciwon, tana da shekara 56.

A cikin wannan jinya ta kira shi ɗa mai biyayya, ta ce ba ta taɓa jin baƙar magana daga bakinsa ba. Bahaushe ya san darajar wannan. Shi ya sa ake tsallake garuruwa a zo a durƙusa gaban tsoho mai jinya, don a ji ya ce na yafe maka duniya da lahira. Agustin ya samu irin wannan kalma, ya ce ta sanyaya masa rai, amma nan take ya tambayi kansa: ina girmamawar da na yi mata, ina bautar da ta yi mini? Yafewar uwa ba ta goge masa lissafin ba. Ya hana kansa kuka a wurin jana'iza, ya tafi gidan wanka ko zai ji sauƙi, bai ji ba. Sai da ya kwana ya farka shi kaɗai sannan hawayen suka zubo.

Matar

A nan lamarin ya fi wuya, a nan kuma na fi so mu daɗe.

Tun yana ɗan shekara 17 ko 18 a Kartaj, Agustin ya ajiye wata mace. Mu da zaman dadiro za mu kira shi, amma a dokar Romawa wani irin zama ne da aka sani, wanda namiji mai neman ɗaukaka kan yi da macen da ba ta kai matsayinsa ba, kafin ya samu auren da zai ɗaga shi. Ikilisiyar zamanin ma ba ta ɗauke shi da zafi ba. Taron bishof-bishof na Toledo a shekara ta 400 ya yarda mutumin da ba shi da matar aure, yana zaune da mace ɗaya tak a irin wannan hali, ya ci jibin Ubangiji. Agustin ya zauna da wannan mata fiye da shekara 13, ya ce bai taɓa cin amanarta ba. Ta haifa masa ɗa wajen 372. Ta bi shi har Italiya.

A Milan ido ya buɗe. Yana hangen kujerar gwamna, ya kuma san sai da mace mai dukiya da dangi ake kaiwa can. Monika ta tsaya tsayin daka a kan maganar aure, tana ganin ta nan ɗanta zai natsu ya karɓi baftisma. Aka samo yarinya 'yar manyan gida, saura shekara biyu ta kai shekarun aure, waɗanda dokar Roma ta sa 12. Aka yi baiko. Uwar ɗansa ta zama cikas, aka sallame ta ta koma Afirka, ta bar yaron a hannunsa, ta kuma yi wa Allah alkawari ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Shi kuwa bai iya jiran shekara biyun ba, ya ɗauko wata. Auren da aka yi duk wannan ɓarna dominsa ma ba a ɗaura ba, domin da ya tuba ya fasa aure gaba ɗaya.

Yanzu a lura da bakinsa. A kan uwarsa ya ce "na yi ƙarya". A kan wannan mata ya ce an fizge ta daga gefensa. Kalmar Latin ɗin da ya zaɓa ba ta faɗi wanda ya yi fizgar ba, kamar dai yadda mu kan ce "aka kore ta" idan ba ma so mu kama suna. Wa ya kore ta? Shi ne namijin gidan, yana da shekara 30 ko 31, ba yaro ba. Ya bayyana ciwon da shi ya ji dalla-dalla, ya ce zuciyarsa da ta manne mata ta yage tana zubar da jini, ya ce raunin bai warke ba, ruɓewa ya yi. Ya yarda ta fi shi, tunda ta riƙe kanta shi ya kasa. Amma abin da ya fi kira zunubi a wurin shi ne sha'awar da ta sa ya ɗauko ta biyun. Halin da mace ta shiga, wadda aka raba da ɗanta aka sa a jirgi ita kaɗai bayan shekara 13, bai samu ko layi biyu ba. A cikin duk tarin littattafansa da wa'azinsa da wasiƙunsa, bai ambaci sunanta ko sau ɗaya ba. Wasu masana sun ce rufin asiri ne, don tana iya yiwuwa tana raye lokacin da littafin ya fita, shi kuma yana da maƙiya. Uzurin yana da ƙarfi, ban musa ba. Duk da haka "aka" ɗin nan yana nan inda ya sa shi.

Laifi tudu ne. Mutumin da ya cika shafuka yana tuhumar kansa a kan 'ya'yan itacen da ya sata a gonar maƙwabci yana ɗan shekara 16, shi ne ya wuce wannan da sakin layi ɗaya. Wannan ya nuna cewa mutum yana iya tuba da gaske, a gafarta masa da gaske, amma idonsa bai gama ganin girman abin da ya yi ba.

Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba. Wajen shekara ta 401 ya rubuta wani ɗan littafi a kan alherin da ke cikin aure. A ciki ya kawo wata mas'ala: idan namiji ya ajiye mace na ɗan lokaci, har ya samu wadda ta dace da matsayinsa ko dukiyarsa ya aura, mene ne hukuncinsa? Ya ce wannan mutum mazinaci ne a zuciyarsa, kuma laifinsa shi ne zaman da yake yi da ta farkon ba da niyyar riƙe ta ba. Macen kuwa, in ta riƙe masa amana, bayan ya rabu da ita kuma ta ƙi neman wani, ya ce shi ba zai yi saurin kiranta mazinaciya ba. Babu sunan kowa a wurin. Amma duk wanda ya san abin da ya faru a Milan ya san hoton wa aka zana. Bishof ya zauna a kujerar koyarwa ya yanke hukunci a kan irin abin da shi da kansa ya aikata, ya ɗora nauyin a kan namijin, ya sauke wa macen. Daga "aka" ya matsa zuwa "idan namiji". Bai kai ga "na" ba, amma ya yi tafiya, ya kuma bar wa mazan da ke sauraronsa ƙa'idar da za ta kare wasu matan daga abin da ya sami wannan.

Yaron

Sunansa Adiyodatus, ma'anarsa wanda Allah ya bayar. Da a ƙasar Hausa ne da Kyauta za a sa masa. Agustin bai ɓoye cewa ba su nemi haihuwarsa ba, ya ce irin waɗannan 'ya'ya in sun zo sukan tilasta a so su. An yi musu baftisma rana ɗaya, uba da ɗa. Yaron yana da kaifin basira har abin yana ba uban tsoro, akwai ma wani littafi da Agustin ya rubuta a 389 wanda hira ce tsakaninsu, ya kuma rantse cewa duk amsoshin da ke ciki na yaron ne, yana ɗan shekara 16. Ba a daɗe ba yaron ya rasu. An raba shi da uwarsa yana wajen shekara 13, kakarsa ta mutu a gabansa, da ya fashe da kuka a kan gawarta ma aka tsawata masa ya yi shiru.

Abin da uban ya rubuta a kansa gajere ne. Ya ce ba shi da komai a cikin yaron nan sai zunubin, sauran duk aikin Allah ne. Ya ce yana tunawa da shi hankali kwance, ba ya jin masa tsoron komai.

Yadda ya ɗauki kayan

Wanda ya bincika Littafi Mai Tsarki yana neman umarnin "ka gafarta wa kanka" ba zai samu ba, Agustin ma bai yi magana da wannan harshe ba. A ganinsa mai laifi ba ya zama alƙalin kansa, ko don ya sallami kansa ko don ya ɗaure kansa. Bulus ya faɗi haka a 1 Korintiyawa 4:3-4, cewa shi ko kansa ba ya yi wa shari'a, Ubangiji ne mai yi masa. Wanda yake cewa Allah ya yafe amma shi bai yafe ba, ko bai lura ba, ya kafa wata kotu sama da ta Allah ya hau kujerarta. Abin da ake kira gafarta wa kai, a bakin Kirista, saukowa ne daga wannan kujera.

Agustin ya ce da aka yi musu baftisma, fargabar rayuwarsu ta baya ta gudu daga gare su. Fargabar ce ta tafi, tunawar tana nan, tunda bayan shekara 10 ya zauna ya rubuta komai. Ya ma faɗi dalilinsa: yana tuno ƙazantar da ya wuce ne don ya ƙara ƙaunar Allah. An gwada wannan natsuwa tasa a bainar jama'a. Fetiliyan, bishof na ɓangaren Donatawa (Kiristocin Afirka da suka ɓalle daga ikilisiyar su Agustin) a birnin Sirta, ya tono masa tsohon tarihinsa don ya zubar masa da mutunci. Agustin ya amsa da cewa gwargwadon yadda mutumin yake zargin cutarsa, gwargwadon haka shi yake yabon likitansa. Mai ɓoyon tabo ba ya iya irin wannan amsa.

Kada a ɗauka bai taɓa jin nauyin ya danne shi ba. A ƙarshen kashi na 10 na Confessiones ya ce zunubansa sun taɓa firgita shi har ya ƙudura zai gudu jeji ya zauna shi kaɗai. Abin da ya tsayar da shi 2 Korintiyawa 5:15 ne: Almasihu ya mutu domin kowa, don masu rai kada su ƙara rayuwa domin kansu. Wannan aya ta taɓa wani abu da masu fama da nadama ba su cika so a faɗa musu ba. Mutumin da ya shekara 20 yana azabtar da kansa a kan abin da ya yi wa iyalinsa, har yanzu kansa yake kallo. Yakan janye daga 'ya'yan da suka rage, ya ƙi zuwa taron dangi, ya ƙi karɓar aiki a coci don wai bai cancanta ba, a haka sai ya ƙara wa gidan wata cutar a kan ta farko. Agustin ya yi magana a kan Yahuza Iskariyoti a wani littafinsa, ya ce da ya rataye kansa ƙara laifinsa ya yi, domin ya fid da rai daga jinƙan Allah bai bar wa tuba ƙofa ba. Bitrus ma ya ci amana a daren nan, ya yi kuka mai zafi, ya dawo aka ba shi tumaki ya yi kiwo. Agustin bai tafi jeji ba. A 391 jama'ar Hippo suka kama shi a cikin majami'a suka sa aka naɗa shi firist yana kuka, bayan 'yan shekaru ya zama bishof, ya yi sauran ransa yana wa'azi yana sasanta rigingimun mutane na gado da bashi.

Wannan duka bai soke haƙƙin wanda aka cuta ba. Matiyu 5:23-24 ya ce in ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Zakka ya ce zai mayar ninki huɗu. Alhaki kwikwiyo ne, in mai haƙƙin yana raye kuma ana iya isa gare shi, addu'a a ɗaka ba ta maye gurbin sallama a ƙofar gidansa, ko da zai ƙi amsawa. Inda Agustin ya samu dama, wato wajen uwarsa, ya yi amfani da ita, ya kuma rufe labarinta da roƙon duk mai karanta littafin ya tuna da Monika da Fatirishiyus a gaban bagade, don abin da ta roƙa a Ostiya ya cika ta bakin mutane da yawa. Inda mutuwa ta rufe ƙofa, wato wajen ɗansa, ya miƙa wa Allah ya daina tsoro. Wajen matar ne lissafin ya zauna a buɗe, kuma a ganina duk wanda zai koyi wani abu daga wannan bawan Allah, to ya koyi har da inda ya gaza.

Abokinsa Fosidiyus, bishof na Kalama, wanda ya san shi kusan shekara 40 ya kuma rubuta tarihinsa, ya ce Agustin bai yarda wata mace ta zauna a gidansa na bishof ba, har 'yar'uwarsa ta jini. Shi ne kuma ya ba da labarin kwanakinsa na ƙarshe. A shekara ta 430, mayaƙan Bandal, wata ƙabila da ta tsallako daga Turai, sun kewaye Hippo, tsohon ya kwanta da zazzaɓi. Ya sa aka rubuta masa zaburorin Dawuda na tuba aka manna a bango daidai inda idonsa zai kai daga kan gado. Kwana 10 kafin rasuwarsa ya roƙa kada kowa ya shigo, sai lokacin da likita ya zo ko aka kawo abinci. Yana kwance yana karanta su yana kuka. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, yana da shekara 75, bai bar wasiyya ba don ba shi da abin da zai bari.